Kalmar park ta Ingilishi da aibin fassarar kalma da kalma

Jerin kalmomin da ake shiryawa domin littattafan yaƙi da jahilci sukan ba kowace kalmar baƙo takwara guda ta Hausa. Kalmar park ta Ingilishi ta isa ta nuna raunin wannan hanya.

Ingilishi ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, parc, a ƙarni na 13, da ma'anar dajin da aka kewaye da shinge domin farautar sarakuna. Hyde Park na birnin Landan haka ya fara: Sarki Henri na 8 ya mallake shi a 1536 don farautar barewa, ba a buɗe wa talakawa ba sai 1637. Daga nan ma'anar filin shaƙatawa ta samo tushe. A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone, kalmar ta koma kan gandun dajin hukuma, irin na W da aka kafa a Nijar a 1954.

Reshe na biyu daga soja ya fito. Wurin jera igwa da keken yaƙi shi ma park ne, daga shi aka sami aikatau mai nufin ajiye mota. Faransanci ya sake aro parking ya mai da shi sunan wuri, Hausa kuwa ta ce fakin, ta haɗa shi da aikatau yi: direba ya yi fakin. A Ingilishin Najeriya motor park tasha ce, inda ƴan kamasho ke lodin fasinja.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci akwai tarko a nan. Parc automobile jimillar motocin wata hukuma ne ko wata ƙasa, alhali car park fili ne kawai. Mai fassarar da ya dogara da kamannin harufa zai mai da motoci fili.

Saboda haka jerin da ya rubuta lambu a gaban park ya tsaya bai taimaki kowa ba, domin manomin Maraɗi ya san lambu da albasa da rijiya ne. Abin da ya kamata shi ne a raba shigar gida huɗu, gandun daji, filin shaƙatawa, tasha da fakin, kowane da jimlar misali. Takarda za ta ƙaru, amma malamin ajin manya zai san wanda zai ɗauka.