Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Nazari kan Dawowar Su Contra da Sonic

Wanda ya yi ƙuruciya a birnin Sakkwato tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000 ya san ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin, da kaset ɗinsa mai ruwan ɗorawa da ke alfaharin wasa 9999, alhali in ka bi su ɗaya bayan ɗaya 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Ba Nintendo ce ta ƙera shi ba. Kwaikwayon na'urarta ne, Famicom ta 1983, ana yin sa a Taiwan da Sin, 'yan kasuwa na shigo da shi. Ta nan yaran Mabera da Runjin Sambo suka san Mario da Contra, kafin Sega ta kawo Sonic da Streets of Rage gidajen gem.

Tsarin wasannin ɗaya ne: kana ganin jarumi ta gefe, yana tafiya daga hagu zuwa dama, allo na binsa. Tsalle, harbi, naushi, shi ke nan. Da PlayStation ta zo da hoto mai zurfi sai aka jingine su. A wurinmu ƙwallo ce ta cinye gidajen gem, kuma har yau ba ta sake su ba. Yanzu kamfanoni na tono tsoffin wasannin suna sabuntawa. To, me ya kamata a dawo da shi?

Sega ta fara kuskuren amsa. A 2010 ta fitar da Sonic 4, hoto fes, amma jikin Sonic ya canza. A Sonic na 1991 in ka gangaro daga tudu gudu na taruwa, shi zai haye da kai tudu na gaba. A sabon kuwa kana ɗaga yatsa sai ya tsaya cak, har a gefen gangare yakan ƙame. Masu wasa suka yi tir. Daga baya kamfanin ya miƙa aikin ga masoyan wasan, a gabansu Christian Whitehead ɗan Ostareliya, suka fitar da Sonic Mania a 2017 da hoto irin na dā da nauyin gudu irin na dā, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Konami ma ta sha irin wannan: Contra: Rogue Corps na 2019 ya bar kallon gefe, ya ƙara bindigar da ke ɗaukar zafi ta daina harbi, a wasan da duk daɗinsa shi ne kada ka saki maɓalli. Bai samu karɓuwa ba, kuma a 2024 Contra: Operation Galuga ya koma tsohon tsari. Ashe ido na yafe sauyi, yatsa ne ba ya yafewa.

Wannan darasi an faɗe shi da yawa. Akwai na biyu da masu sharhi na Turai ba su cika tsayawa a kai ba, wanda a ganina shi ne ruhin abin a wurinmu: mutum biyu a allo ɗaya.

Duba Contra. Harsashi ɗaya ya kashe ka, rai uku gare ka, sai fa in ka san sirrin nan na sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, mai ba da talatin. Tsananin ba hikima ce zalla ba: a 1987 an yi wasan ne don injin da ake jefa wa kwabo, mutuwar ɗan wasa ita ce cinikin mai inji. Mu ma haka ta kasance, domin a gidan gem mutuwarka ce ke ba na baya fad, wato abin sarrafa wasan. Amma a mataki na uku, wurin hawan ruwan da ke zubowa daga dutse, in ka yi gaggawa ka haye sama, allo zai bi ka, abokinka da ke ƙasa ya mutu ba tare da kowa ya harbe shi ba. In ransa ya ƙare kuma yana iya cirar ɗaya daga naka. Nan za ka ji ana "jira ni mana!", nan ake ɓatawa, nan ake shiryawa kafin a ɗauke wuta, tunda ba ajiye wasa ake yi ba. A Streets of Rage kaza ɗaya ce za ta fito daga kwandon shara, ku biyu duk jininku ya yi ƙasa. Wa zai ɗauka? Wasan bai tanadi hukunci ba, ku za ku yanke.

Shi ya sa nake ganin Streets of Rage 4 na 2020 ya fi sauran fahimtar aikinsa. Shekara 26 bayan na uku, kamfanonin Lizardcube da Dotemu na Faransa tare da Guard Crush suka zana komai da hannu, suka gayyato Yuzo Koshiro, makaɗin na asali, ya sa hannu. Sun bar kazar, sun bar yiwuwar ka naushi abokinka bisa kuskure, sun buɗe wa mutum huɗu wuri a talabijin ɗaya. Abin da suka ƙara ɗan kaɗan ne amma da dabara: bugu na musamman yana cin jininka kamar dā, sai dai in ka ci gaba da duka ba a taɓa ka ba, jinin ya dawo. Matsoraci ya yi asara, mai zuciya ya ci riba. Cikin shekara guda ya wuce kwafi miliyan 2.5.

Ba kowane aiki mai kyau ne ke cin kasuwa ba. Prince of Persia: The Lost Crown na 2024, shi ma tsohon wasa da aka farfaɗo da shi, ya sha yabo, amma kafin shekarar ta ƙare kamfaninsa Ubisoft ya rarraba ma'aikatan da suka yi shi zuwa wasu ayyuka.

Sai dai fa duk wannan farfaɗowa ba da mu aka yi lissafinta ba. Mun buga wasannin ne a kaset na jabu, sunanmu bai taɓa shiga littafin cinikin Konami ko Nintendo ba. Sabbin suna son Switch ko PlayStation, da biyan dala. Yaron Arkilla na yau waya ce na'urarsa, Free Fire da eFootball ya sani. An kawo Streets of Rage 4 kan Android a 2022, amma naushi a kan gilashi, kai kaɗai da abin sauraro a kunne, rabin wasan ne kawai.

Saboda haka kirana ga masu gidajen gem na Sakkwato ne, waɗanda dama suna da janareto da fad: a cikin talabijin ɗin da aka jera wa ƙwallo, a ware guda ɗaya a sa irin waɗannan, a zaunar da yara biyu waɗanda ba su taɓa jin sunan Sega ba. In sun nemi a ƙara musu lokaci, to wasan ya farfaɗo da gaske. In sun tashi sun koma ƙwallo, iyayensu aka yi wa shi.