Wane Littafi Za Ka Fara Da Shi?

Ɗan'uwa mai karatu na Karofane, ka gama ajin yaƙi da jahilci. To, karatu kamar hauya yake, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa. Ga shawararmu.

Fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937. A littafi na ɗaya, aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari dare bayan dare, don ya hana shi fita yaƙi. Labaran gajeru ne, kana gama ɗaya kafin barci. Aibinsa guda: Hausar Nijeriya ce, wasu kalmomi sai ka tambayi malaminka. Ruwan Bagaja, na 1934, akwai dariya, amma labari ɗaya ne mai tsawo. Bar shi sai karatunka ya nuna.

Namu fa? Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar a 1975. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu a 1980. Duk da Faransanci! Tarihinmu ne, amma manomi ba ya iya karanta shi. Ya kamata a juya su Hausa.

In na yara za ka saya, dubi hoton tukuna. Yaron da ya ga jaki da rumbu, shi da kansa zai nemi sunansu a ƙasan hoton. Ku zauna ku karanta tare, kai da ƴaƴanka, maza da mata.