Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Rigar Rawa Daga Legon Zuwa Nima

 Duk wanda ya taɓa kallon Takai, rawar Dagombawan arewacin Ghana, ya san rigar ma rawa take yi. Maza ne ke yin da'ira, kowa da sandar ƙarfe a hannu, ya buga da ta na gabansa, ya juya ya buga da ta na bayansa, ana kaɗa musu lunga, 'yar'uwar kalangunmu. A wurin juyawar nan batakari ke buɗewa kamar lema, ta rufe, ta sake buɗewa. Cire rigar, ka bar mutanen da singileti, rabin rawar ya tafi. A kan wannan nake so mu auna aikin magabatan da suka hau da rawa kan dandamali shekara sittin da suka wuce, mu kuma auna namu a Zango yau.

Bari mu fara leƙa waje. A rawar Turawa da ake kira bale, mata na sa wani ɗan gajeren siket mai tauri mai suna tutu, kada mai karatu ya yi dariya, haka sunan yake a wurinsu. A da akan sa masa zoben waya don ya miƙe. A 1950 wata tela mai suna Barbara Karinska, da ke ɗinka wa ƙungiyar George Balanchine a birnin Niyok na Amurka, ta cire wayar, ta jera tausasan yadin raga kan juna, saboda idan 'yan rawa suka matsu a sahu zobban na karo da juna. Shi kuwa Balanchine, akwai rawarsa ta 1946, The Four Temperaments, wadda aka yi wa tufafi masu tarkace har suka ɓoye motsin jiki. A 1951 ya watsar da su, 'yan rawa suka fito da kayan atisaye kawai. Ɗaya ta gyara, ɗaya ya rage, amma tambayarsu guda: me tufar ke yi wa motsi?

Afirka ma ta ari sunan bale. Ƙungiyar Fodéba Keïta, Les Ballets Africains, ta zama ta ƙasar Gini bayan 'yancin kai na 1958. Da ta je Niyok a 1959, hukumar birnin ta ce sai matan sun rufe ƙirji kafin a ci gaba da wasa. Ka ga tufar dandamali ba ta rabuwa da tambayar wa ke da ikon cewa ga yadda mutane za su bayyana.

Nan gida kuwa, siyasa ta riga rawa sa batakari. Daren 6 ga Maris 1957, da ita Kwame Nkrumah da abokansa suka hau dandamali a Old Polo Grounds suka shelanta 'yanci. A 1962 aka kafa Ghana Dance Ensemble a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, ƙarƙashin Farfesa J. H. Kwabena Nketia da Albert Mawere Opoku. Opoku ya karanci zane a Landan, ya karanci rawa a Niyok, saboda haka idonsa na mai zane ne. Ya ɗauko raye-rayen da ake kwana ana yi a fili, ya taƙaita su, ya fuskantar da su ga 'yan kallo: Adowa da Kete na Asante, Agbekor na Ewe, Bamaya da Damba da Takai na Dagbon.

Yabona gare su shi ne sun girmama nauyin tufa. Batakarin gaske saƙar hannu ce, ta garuruwa irin su Daboya da Yendi, sirara-siraran saƙa ake haɗawa, a faɗaɗa gindin rigar sosai. Nauyin zaren ne ke sa ta tashi a hankali, ta ɗan tsaya a iska, ta sauko daidai da bugun ganga. Ɗan rawa dole ya koyi jiran rigarsa.

Sukata kuma ita ce tsarin ya raba ƙasa gida-gida, kowace ƙabila da yankinta, da rawarta, da rigarta. Kente na kudu, batakari na arewa. To ina aka ajiye ɗan Zango? Hausawa na zaune a Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, tun ƙarni na 19. Sabon Zango na Malam Bako ya girmi ƙasar Ghana kanta. Amma a jerin raye-rayen da ƙungiyar ta yi suna da su, ba ka jin namu. Kada a ce don mu 'yan birni ne. Kpanlogo samarin Ga ne suka ƙirƙire ta a cikin Accra a farkon shekarun 1960, manya suka yi ta ƙyamarta, ga shi yau tana cikin raye-rayen ƙasa. Bambancin shi ne ana ganin Ga 'yan ƙasa, mu kuwa baƙi. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takardu mako biyu su fice, ta ƙara koya wa mutanen Zango yin shiru da kayansu.

Laifin da ya rage namu ne. A bakin aikina na rediyo na sha halartar wasannin makarantu da na ƙungiyoyin matasa a Nima da Mamobi. Da an ce a nuna al'ada, sai a fito da yaranmu cikin batakari. Batakarin ma ba ta saƙa ba, yadin inji ne mara nauyi da aka buga wa ratsi. Yaro ya juya, rigar ta manne masa a jiki kamar jiƙaƙƙiyar leda, ba lema ba dalilinta. An ari rigar maƙwabci, an kuma ari jabunta. 'Yan mata kuwa sai a lulluɓe su da ƙyalƙyali irin na finafinan Indiya. Hausawa sun gama magana, kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali muna da abin nunawa. Ku dubi dattijo a wurin aure idan mai kalangu ya kama taken gidansu. Ya miƙe da babbar riga mai aska takwas, ya ware hannu riga ta baje, ya saɓa wannan gefe a kafaɗa, ya saɓa wancan, ya taka sau biyu, ya tsaya. Wannan saɓawar motsi ce cikakkiya, kuma shaddar da ta sha bugu ce ke ba ta sauti da sheƙi. Ku dubi mata cikin yayi, wanda mutanen Kano ke kira anko, sahu guda launi guda, mayafi na zamewa ana mayar da shi a kan kiɗa. Abin da Karinska ta sha wahalar nema, wato sahu ya motsa kamar jiki ɗaya, iyayenmu mata na yin sa duk Lahadi ba tare da an ba shi suna ba.

Wani zai ce babbar riga ta malamai da sarakuna ce, ba ta wasa ba. Ai batakari ma ta sarakuna ce, Damba kuwa bikin watan Maulidi ne, hawa dandamali bai zubar musu da ƙima ba. Abin da ke zubar da ƙima shi ne a yi abu da ganganci.

Shawarata ga malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyi: idan Takai za ku yi, ku nemi saƙar gaske, ko guda shida ce, ku nemo Badagombe ya koyar. Idan kuwa Zango za ku nuna, ku zauna da makaɗanmu da tsofaffin telolinmu, a zaɓi motsi, a ɗinka riga daidai da shi, a gwada ta ana kiɗa tun kafin ranar wasa. Opoku bai samu raye-rayen nan a shirye ba, zama ya yi ya tsara su. Namu ma ba wanda zai zo daga Legon ya tsara mana. Allah ya sa mu dace.