Wai Har da Hawaye Don Janar Ya Rubuta Littafi

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tun da aka ƙaddamar da littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida a Abuja ranar 20 ga Fabrairun 2025, kuma ni dai ta ishe ni. Mutum zai ɗora hoton bangon littafin a Facebook, ya rubuta a ƙasa wai ya karanta har idonsa ya cika da ƙwalla, wai Allah sarki, an yi shugabanni a ƙasar nan. Kafin ka ce kwabo an yi masa caa da "gaskiya ne, Yallaɓai" da "ina ma a dawo da zamanin". Daga Babangida sai a gangara kan Sardauna, a biya ta kan Murtala, a taɓa Abacha da fetur ɗinsa na naira 11, tunda kuwa a Kafanchan muke, dole a yada zango a kan Yakowa.

Jama'a, kukan na mene ne?

Bari mu fara da abin da duk muka sani muke ɓoye wa juna. Littafin nan, A Journey in Service, ya haura shafi 400, da Turanci aka rubuta shi, kuɗinsa kuma ba na mai jiran albashin ƙaramar hukuma ba ne. Yawancin masu hawayen nan 'yan shafuka suka gani, waɗanda wani ya ɗauka da waya ya watsa a WhatsApp, wasu ma a karkace. Na tambayi wani abokina da ya fi kowa zuba a kan littafin wane babi ne ya fi taɓa masa zuciya, ya ce ai duka. Na ce to a wane gari Janar ya ce yake ranar da aka sanar da soke zaɓen 12 ga Yuni? Sai ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Katsina ne, Malam. Ta'aziyya ya ce ya je gidan 'Yar'aduwa.

To ko ka karanta shi daga bango zuwa bango, me ka karanta? Mutum ne ya zauna a gidansa na kan tudu a Minna, shi ne wanda ake tuhuma, shi ne lauya, shi ne shaida, shi kuma ya sa ranar zaman kotu. Ya kuwa iya sa rana: kusan shekara 32 bayan saukarsa. Mamman Vatsa, abokinsa tun na ƙuruciya, an harbe shi a Maris na 1986. Dele Giwa, bam ya tashi da shi a Oktoban shekarar. Abacha ya rasu a Yunin 1998, Abiola ya bi shi bayan wata guda. Sai da masu iya cewa "ba haka aka yi ba" suka kwanta dama, sannan aka gaya mana cewa e, Abiola ne ya ci zaɓen 1993, amma wasu sojoji da Abacha ke jagoranta ne suka soke shi ba da yawun maigida ba. Iyalan Abacha sun fito sun musanta, to wa ya tsaya jin su? A zauren Transcorp Hilton ranar ƙaddamar da littafin attajirai rige-rigen alkawari suke yi, har aka tara kimanin naira biliyan 17 don gina ɗakin karatu na tunawa da mulkinsa. Su sun ba da biliyoyi, mu da ba a gayyata ba muka kawo ƙwalla.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce mu, mutanen Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Zangon Kataf, mu ne a sahun gaba wajen wannan kewa. In mutumin Minna ya yi, na gane, ɗansu ne. Mu fa? A zamanin wa aka yi rikicin Maris na 1987, wanda ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta nan garin ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina? Tun daga lokacin, in ka ce wa baƙo daga Kafanchan kake, ba jirgin ƙasa ne ke fara zuwa masa a rai ba. A zamanin wa aka yi Zangon Kataf, Fabrairu da Mayun 1992, rigimar da ta faro daga batun matsar da kasuwa ta ƙare da gawawwaki da ƙonannun gidaje? Aka kafa kwamitin Mai shari'a Rahila Cudjoe, aka kafa kotun musamman ta Mai shari'a Benedict Okadigbo, aka yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu mutum biyar hukuncin kisa a 1993, aka dawo aka mayar da shi ɗauri. Je ka tambayi dattijon Atyap, zai ce maka an gama shari'ar nan tun kafin a zauna. Tsallaka ka tambayi Bahaushen Zango da ya binne 'yan uwansa, zai ce maka jininsu ya tafi a banza. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ban taɓa jin ɓangaren da ya ce gwamnatin lokacin ta yi masa adalci ba. Amma yau ga 'ya'yan wannan ga 'ya'yan wancan a ƙarƙashin hoto ɗaya, ana ta "Allah ya ƙara wa Janar lafiya, ba a sake irinku ba". To, ko ba komai ya haɗa kanmu, abin da kwamitocin sulhu suka daɗe suna nema.

Ban ce Babangida ne ya ƙyasta ashana a 1987 ko 1992 ba, tushen rigimarmu ya girme shi. Cewa na yi wanda ke da irin wannan tarihi a bayan gidansa, in ya ɗauki littafin shugaban lokacin, da tambaya ya kamata ya buɗe shi. Cikin masu ɗora hotunan nan ban ga wanda ya ce ya nemi sunan garinsu a ciki ba. 12 ga Yuni, Abacha, juyin mulkin 1966 na Ibo ne ko ba na Ibo ba ne: abin da jaridun Legas suka tsinto, shi muka karɓa muna ta tauna.

Sai hujjar fetur. Wai a zamaninsa lita kwabo 70 ce. Haka ne, a kwabo 20 ya same ta. Da ya hau a Agustan 1985 naira ta ɗan fi dala daraja, da zai sauka dala ɗaya tana wajen naira 20. Iyayenmu da suka ɗanɗana SAP daga 1986 ba su kira shi zamanin daɗi ba, har zanga-zanga aka yi a kansa a 1989. Mu kuwa 'yan garin reluwe ya kamata mu fi kowa riƙe wannan. Tun 1927 layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa, na Fatakwal ya zo nan ya rabu, wani ya nufi Kaduna wani Jos, garin ya cika da Ibo da Yarbawa da kowace ƙabila. A cikin waɗannan shekarun 1980 da ake kewa ne jirgin ya fara makara, ya koma fashin zuwa, aka shiga sallamar ma'aikata. Duk wanda ya ce maka zamanin ya fi daɗi, ƙirga masa shekaru. Ɗan sakandare ne lokacin, mahaifiyarsa na raye, gwiwarsa ba ta ciwo, ba shi ke biyan kuɗin makarantar kowa ba. Ƙuruciyarsa yake nema, ya rasa wanda zai tambaya sai Janar.

Na Sardauna ma sai na taɓa, ko da za a ce na taɓo babba. Shi ma ya rubuta nasa, My Life, a 1962, yana kan kujerar Firimiya. Na yarda ko ban so ba: Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tsaye, masaƙun Kaduna sun ciyar da dubban gidaje, har da na 'yan wannan yanki, kafin su mutu a hannun na baya, kuma bai bar wa kowa rigimar gadon dukiya ba. Amma kakannin da yawa daga cikinmu ba shafa hotonsa suke yi ba a lokacin. Ƙorafi suke a kan En'e da hakiman da ake turowa daga Zariya, kukan Kudancin Zariya har gaban kwamitin Willink ya kai a 1958, wasu suka bi UMBC ta Joseph Tarka. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano kuwa bulala da ɗauri suka sha. Jikokinsu ne yau ke cewa a zamanin babu mai kuka da kowa.

Ba yau aka fara saye mu da alƙalami ba. A 2013 Malam Nasiru El-Rufa'i ya fitar da The Accidental Public Servant, kuma a ba shi nasa, ya iya rubutu. Na san 'yan boko a nan da suka karanta suka ce an samu mutum. Bayan shekara biyu ya zama gwamna, yadda ta kaya tsakaninsa da Kudancin Kaduna a shekara takwas ɗin nan kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. Obasanjo ya rubuta My Command a 1980 kan yaƙin basasa, shi ne gwarzon kowane babi, sai da Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda suka yi fagen daga ɗaya, ya mayar masa da martani da littafi sukutum a 2013. Can an samu mai rai da zai ce ƙarya ne. Mu nan "Allah sarki" muke cewa.

Za a ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gara ya rubuta da ya tafi da maganar kabari. Na yarda, gara ɗin. Daɗin ne ma ya sa nake tsoronta.

Kewar Yakowa ce kawai nake ɗaga wa ƙafa, don ni ma tana kama ni. Ɗan Fadan Kagoma, na farko daga wannan yanki da ya zauna a Gidan Sir Kashim a matsayin zaɓaɓɓen gwamna, mutum mai sanyin magana. Ya hau a Mayun 2010, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Bayelsa ranar 15 ga Disambar 2012. Shekara biyu da wata bakwai. Bai samu tsufan da zai zauna ya wanke kansa a takarda ba, sai muka ɗauke masa aikin: duk titin da ba a yi ba, duk masana'antar citta da ba ta tashi ba, "da Yakowa na nan da an yi". Wataƙila da an yi ɗin. Amma rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ya cinye kasuwar Kafanchan ya yi mummunar ɓarna a Zonkwa, yana kan kujera aka yi shi, kuma wannan ba ya shiga zancen in an zo yabo.

Ga kuma inda haushin ke ƙaruwa. Masu labarin da ya isa a yi masa hawaye suna nan kusa, ba mai leƙa su. Marigayi Gwamna Awan ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008, ya ga Turawa, ya ga Sardauna, ya ga kowane soja ya zo ya wuce. Wa ya taɓa ɗora mana ko shafi ɗaya na labarinsa? Tsofaffin direbobin jirgi da masu kula da layi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya da fanshon da ba ya kai su tsakiyar wata. Ga iyayenmu mata, Musulmi da Kirista, da suka ɓoye 'ya'yan maƙwabta a ƙuryar ɗaki ranar da gari ya rikice. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya, alhali ko sarautar mai unguwa ba a taɓa ba ta ba. Ba ta da zaɓen da ta soke, ba ta kuma jira kowa ya mutu kafin ta buɗe baki ba.

Abin ma yanzu ya daina jiran shekara talatin. Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, Allah ya jiƙansa, addu'a kam haƙƙinsa ce. Amma kafin a yi sadakar bakwai na ga mutanen da muka yi ta wuni tare a layin banki a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, waɗanda na ji abin da bakinsu ya faɗa da kunnena, sun koma "Baba mai gaskiya, mun yi rashin da ba za a mayar ba". Shi ko littafin bai rubuta da hannunsa ba. Saura na kan kujera yanzu. Don Allah duk wanda ya sha mai a bana ya adana mini rasit ɗinsa, ranar da nasu littafin zai fito ina da 'yar tambaya.