Gwanayen Keke a Yashin Tumur

Tuƙa keke a kan kwalta ba abin yabo ba ne, yaro ɗan shekara bakwai ma yana yi har ya saki hannu. Wanda ya isa a tsaya a kalla shi ne mutumin da ya ɗaure jarka biyu ta ruwa ko buhun tattasai a kariya, ya bar babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Difa ta nufi Ngigmi, ya kutsa cikin yashin da ke tsakanin Geskeru da Tumur da Boso, ya yi ta tafiya bai sauke ƙafa ba sai inda ya ga dama. Baƙo zai ce ƙarfin ƙafa ne. Da ƙarfin, amma ido ne ke yin rabin aikin.

Keke ya daɗe a ƙasar, sai dai babur ya zo ya danne shi. A watan Fabrairun 2015, bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, ta kuma hana hawa babur, saboda da shi maharan suke zirga-zirga. 'Yan kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. A cikin birni mai ƙafa uku ya toshe giɓin, amma mutumin ƙauye da ke son kai kaya kasuwa ko duba gona sai ya koma ga jaki da amalanke da keke. Maiduguri ta riga ta ga irin wannan tun 2011. Bambancin shi ne Maiduguri tana da tituna, shi kuwa mai keken Tumur da ƙasa tsagwaronta yake kokawa.

Ƙasar kuma ba iri ɗaya ba ce. Kusa da Komadugu, kogin da ruwansa ke tasowa daga kogunan Hadeja da Jama'are, ya raba Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya zuba a tafkin Chadi wajen Boso, baƙar laka ce ta fadama. Da rani takan bushe ta tsattsage, kuma duk inda shanu suka taka tana ɗanya, sawun kofatonsu yakan daskare ya zama ramuka masu kaɗa haƙora. Da an yi arewa kaɗan sai jigawa, yashi mai laushi da tumfafiya da aduwa jefi-jefi. Tsakaninsu akwai kurmin goruba da bagaruwa, inda hanya ke matsewa ta koma turbar ƙafa. A tafiya ɗaya mai keke zai iya ratsa duka ukun, kowacce da yadda ake bi da ita.

Yashi ne babban malami. Sabon shiga idan ya hango shi yakan tsorata, ya daina taka feda, ya danƙe hannun keke da ƙarfi, ya duƙa gaba, wani ma ya taɓa birki. Duk huɗun kuskure ne. Nauyinsa ya koma kan tayar gaba, ita kuma maimakon ta hau kan yashin sai ta dinga huda shi kamar garma, ta tara tudu a gabanta, ta karkace, mutum ya tsinci kansa a ƙasa. Gwani tun daga nesa yake ƙara gudu, domin da saurin da ya shigo da shi zai ci rabin wurin. Sai ya ja zamansa zuwa ƙarshen sirdi, tayar baya ta samu abin kamawa, ta gaba ta yi sauƙi. Ba ya miƙewa tsaye a kan feda, domin bugu mai ƙarfi ɗaya ya isa ya sa tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona wa kanta rami. Taku yake yi a jere, ba gaggawa, ba yankewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannunsa. Riƙon sako-sako yake yi. Tayar gaba za ta yi ta lilo hagu da dama, shi kuwa ba ya musu da ita, sai ya bar ta ta nemi hanyarta, yana gyara keken da ƙugu da kafaɗa. Idonsa ba ya kan abin da ke ƙarƙashin taya, yana can gaba inda yake son fita. Za ka ji uba yana bin ɗansa a baya yana cewa, "Kai, sassauta hannu! Ɗaga kanka, me ka ajiye a ƙasa?" Yaron yakan sha ƙasa sau da yawa kafin ya yarda cewa sassautawar ce ke riƙe shi.

Sai kuma zaɓen inda za a ɗora taya, a hanyar da faɗin abin bi a cikinta bai wuce tafin hannu ba. Sawun amalanke yakan danne yashi ya yi tauri, amma idan ya yi zurfi, gefensa yakan kama taya ya hana ta fita. Tsakiyar hanya, inda jakai da shanu suke takawa, a tone take. Gefe, inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, shi ya fi daɗin bi, kuma nan ne ƙaya take. Launi ma yana magana: yashi fari tas mai laushi ne, wanda ya ɗan yi duhu da laka a cikinsa. Lokaci ma haka. Da asuba, idan ƙasa ta sha sanyin dare da ɗan raɓa, hanyar da za ta wahalar da mutum da azahar takan ɗauke shi lafiya. Bayan ruwan sama jigawa ce take zama titi, fadama kuma ta koma tarko, laka ta cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi. Shekarun da Komadugu ya yi ambaliya, irin 2019 da 2022, wasu hanyoyin bakin kogi sukan ɓace ɗungurum, sai a zagaya ta tudu.

Iskar taya lissafi ce mai zaman kanta. Tayar da aka cika tam tana taɓa ƙasa da ɗan wuri kaɗan, don haka take nutsewa. Idan aka rage iska sai ta baje, nauyi ya watsu, ta hau kan yashi. Amma in an rage da yawa, ranar da aka bugi saiwar goruba ko busasshen sawun kofato, ƙarfen wili zai matse tib ya huda shi wuri biyu. Gwani ba shi da ma'auni sai babban yatsa. Yakan latsa taya, ya dubi kayan da ya ɗauko, ya tuna hanyar da ke gabansa, sannan ya san ko zai ƙara famfo ko zai saki kaɗan. Ta baya, mai ɗaukar kaya, kullum ta fi ta gaba cika.

Ƙaya kuwa ba a gama da ita. Ƙarangiya ta fi damun ƙafar wando, amma tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa taya suke nema. Shi ya sa ba a tafiya mai nisa ba famfo da sholisho da guntun tsohon tib. Wasu sukan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa, keken ya ƙara nauyi amma faci ya ragu. In abin ya faru a daji ba ruwan da za a tsoma tib, sai a kara shi kusa da leɓe a ji inda iska ke fita. Kuma wanda ya san aiki ba ya mayar da tib sai ya shafa cikin tayar da yatsa ya zare ƙayar, in ba haka ba faci biyu zai yi a wuri ɗaya.

Kaya ma kowanne da halinsa. Busasshen tattasai, wanda kwarin Komadugu ya yi suna da shi har kasuwannin Najeriya, ba shi da nauyi sosai amma yana da girma, iskar hunturu takan kama buhun ta ture mutum. Ruwa nauyi gare shi: kowace lita kilo guda ce, jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan. A gefe da gefe ake rataye su, ƙasa-ƙasa, kuma a cike, domin jarkar da ba ta cika ba ruwanta yakan yi ta kai-komo yana fizgar keken.

A Turai da Amurka hawan keke a hanyar tsakuwa da daji ya zama wasa mai tsada. A garin Emporia na jihar Kansas ana tseren mil 200 tun 2006, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel. Hukumar tseren keke ta duniya ta fara gasar duniya ta wannan fanni a Italiya a 2022, kuma a 2024 Mathieu van der Poel na Holan ya lashe ta a dazukan da ke kewaye da Leuven a Beljiyam. Abin da masu horarwa suke koya musu game da yashi, wato rage iska, komawa baya, sassauta hannu da duban gaba, shi ne abin da mai keken Tumur yake yi. Faɗin tayar ma kusan ɗaya ne, wajen milimita 40, daidai da na tsohon Phoenix ko Raleigh mai wili inci 28. Sai dai nasu keken bai kai kilo 10 ba, yana da giya barkatai, tayarsa ba tib, da wani ruwa a ciki mai toshe huda da kansa. Na Tumur ya ninka wannan nauyin tun kafin a ɗora masa kaya, giyarsa ɗaya, birkinsa na sanda, mai shi kuma sau da yawa silifas ne a ƙafarsa.

Wani wurin dai dole a sauka, kuma gwani ya san shi tun kafin keken ya tsaya. Yakan zame ta gefe yana cikin tafiya, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a kan kaya, ya tura da sauran saurin da ya rage. Wanda ya jira sai da taya ta kafe, shi ne za ka tarar yana kwance igiya yana sauke jarkoki, ya kai keken tudu, sannan ya dawo ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.