Duro Ladipo da Ulli Beier: Abotar da Ganga Ta Ƙulla

A wannan 'yar muƙala za mu duba abotar da ta shiga tsakanin Duro Ladipo, gwanin wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa na Yarbawa, da Ulli Beier, Bajamushen da ya zo koyarwa Ibadan a 1950. Ba yare ya haɗa su ba, ba kuma addini ba. Ladipo ya taɓa shigar da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin coci a Oshogbo, manyan cocin suka ƙi amincewa. Abin da aka ƙi ɗin nan shi ne ya ja hankalin Beier. A 1962 suka buɗe kulob ɗin Mbari Mbayo a gidan su Ladipo, wanda ya zama dandalin wasanninsa.

Babban abin da wannan tarayya ta haifa shi ne Oba Koso, labarin Shango, Alafin na Oyo, wanda ya haɗa jarumansa biyu, Timi da Gbonka, faɗa don tsoron ƙarfinsu, har abin ya juyo kansa, jama'a suka watse suka bar shi, ya rataye kansa. Mabiyansa suka ce sarki bai rataye ba, ma'anar sunan wasan ke nan. Ladipo da kansa yake fitowa a matsayin Shango. An nuna wasan a Balin a 1964, sannan a Ingila a 1965, kuma ko shakka babu hanyoyin da Beier ya sani sun taimaka wajen kai shi can.

To sai dai a nan ne muke da magana. Ƙarfin Oba Koso yana cikin gangunan bata, da kirarin da ake yi wa sarki, da rawa, da karin harshen Yarbanci wanda ganga ke iya kwaikwaya. Fassarar Ingilishi da Beier ya fitar a 1964 ta kawo mana zaren labarin, amma duk waɗancan sun zube a hanya. Wanda ya karanta ta kawai zai ɗauka ɗan gajeren wasa ne mai ƙarancin zance, alhali a dandali ganga ce ke yin rabin maganar. Manazarta kuwa, da yake takarda suka fi yarda da ita, sun fi sanin Ladipo ta bakin abokinsa.

Akwai kuma batun Obotunde Ijimere, sunan aro na Bayarabe da Beier ya riƙa rubuta wasanni da shi. A ganinmu wannan bai dace ba, domin ya rikita tarihin wane ne ya rubuta me a Oshogbo. Duk da haka ba za mu ce Beier ya ci amana ba. Ladipo ya rasu a 1978, Beier ya rayu har 2011, kuma yawancin hotuna da bayanan da ake dogaro da su a kan wannan dandali daga hannunsa suka fito.