Rawani da Giwa a Bayan Kwali: Sharhi a kan Zanen Mazubin Kayan Yaji

Manufar wannan takarda ita ce ta duba hotunan da 'yan kasuwa ke liƙawa a jikin mazubin kayan yaji, ta kuma auna gyaran da aka fara yi musu da ma'aunin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum.

Bari mu fara da garin kori. Turawan Ingila ne suka harhaɗa shi suka fara sayarwa a Landan a ƙarni na 18, don su kwaikwayi miyar Indiya, alhali a can kowane yanki da irin haɗinsa. Da aka zo talla sai aka riƙa zana giwa, ko maharaja da rawani, ko hubbaren Taj Mahal, ko da kuwa barkonon bai fito daga kusa da Agra ba. Wato an tattara ƙasa mai harsuna barkatai an cusa ta cikin hoto guda. Ba rawanin ne aibin ba. Kwalin MDH na Indiya ya shahara da fuskar mai kamfanin, Dharampal Gulati, wanda ya rasu a 2020, sanye da jan rawaninsa. Wannan mutum ne mai suna, ya sa fuskarsa jingina ga hajarsa. Aibin shi ne rawanin da babu kowa a ƙarƙashinsa.

Mu ma ba mu tsira ba. An sha ganin ledar yajin tsire da aka ƙulla don kasuwar Kudu ko ta Turai ɗauke da zanen wani mai hula da taguwa yana yashe baki gaban tukuba, sai ka ce Bahaushe ba shi da wata sana'a sai gashi. Zanen ya ɓoye abu biyu. Na farko, yaji ba iri ɗaya ba ne: akwai na ƙuli, da na daddawa, da na tafarnuwa, da yajin jego wanda ake wadata shi da citta da kimba da masoro da kanumfari. Na biyu, galibi mata ne ke daka shi a cikin gida, amma ba a taɓa ganin taɓaryarsu a bayan leda.

Gyaran da aka yi a Amurka na shafewa ne. A 2020 aka cire hoton tsohon baƙar fata daga kwalin shinkafar Uncle Ben's, a 2021 kuma Aunt Jemima ta koma Pearl Milling Company. Wannan ya kyautu, sai dai a ganina rabin aiki ne, domin kwalin da aka kankare bai gaya wa mai saye komai ba. Kamfanin Diaspora Co., wanda Sana Javeri Kadri ta kafa a 2017, ya fi kusa da daidai, saboda yakan faɗi yankin da aka noma kayan da gonar da suka fito.

A nan ne yankinmu ke da ta cewa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu. Sanadin shi ne niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Uwar da ta ga wannan, in ta ɗauki ƙullin yaji a kasuwar Gummi, ba ƙawar zane take tambaya ba. So take ta san wa ya daka, a wane turmi ko wane inji. Tambayar ba ta ƙauye kaɗai ba ce, don kuwa binciken Jami'ar Stanford na 2019 ya nuna wasu masu sarrafa gangamau, wato kurkum, a Bangaladash suna zuba masa wani sinadari mai dalma don launinsa ya ƙara rawaya.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyin mata masu ƙulla yaji a waɗannan garuruwa ita ce, wurin da za a ɓata da zanen mai tsire a rubuta sunan garin da aka daka, da jerin abin da ke ciki, da watan da aka ƙulla, da boko da kuma ajami, tun da yawancin masu sayen a ƙauyukanmu ajamin suka fi karantawa.